Zaki Da Makiyayi: Wa Zai Biya Kuɗin Saniyar?



Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Jega, ya ratsa Boɗinga ya gangara Shagari, zai shaida cewa babu sauran wani daji mai duhu a wannan yanki. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake, sai kuma albasa a fadama idan rani ya kama. Kwanakin baya na kai ziyara ƙasar Dandin Mahe. Da yamma muna zaune a ƙofar gidan mai masaukina, wani dattijo mai riƙe da sarautar unguwa, sai ga wani yaro ya zo ya durƙusa yana gaishe shi, yana cewa, "Zaki! Ranka ya daɗe!" Da ya tashi sai na kira shi na ce, "Samari, kai da kake ta kiran zaki, ka taɓa ganinsa kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Malam, sai dai a waya."

Dattijon ya karɓe zancen ya ce, "Malam, ko ni da kaka gani da hurhura, ban ishe shi ba. Kakana dai shi ka ba mu labari, lokacin da sunka yi kiwo wajen gulbi ba su kwana sai da wuta."

Wannan 'yar hira ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sunan zaki yana nan daram a bakinmu. Da shi muke gaida sarakuna, yana cikin tatsuniyoyin da muke yi wa 'ya'yanmu, har akwai Ƙaramar Hukumar Zaki a Jihar Bauchi da garin Zaki Biyam a Jihar Binuwai. Amma dabbar da kanta ta ƙaurace mana. Mai karatu yana iya cewa, to ai mun huta, wa yake son maƙwabtaka da zaki? Gaskiya ne, ba mai so. Sai dai akwai 'yan'uwanmu, ba da nisa sosai ba, waɗanda har yanzu suke kwana suna jin rurinsa, kuma a wuyansu ne aka rataya nauyin ko wannan halitta za ta wanzu a ƙasarmu ko za ta shuɗe gaba ɗaya.

YADDA DAJIN YA ƘARE

A zamanin da, babu inda zaki bai taka ba a ƙasar Hausa. Ko a can arewa cikin duwatsun Asbin, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya ba da labarin zakoki sa'ad da ya ratsa wurin a shekara ta 1850. In kuwa har Asbin ta riƙe zaki, balle fadamun Gulbin Rima da na Gulbin Zamfara, inda ciyawa da ruwa da namun daji suka wadata.

Mutane da yawa suna tsammani maharba ne suka ƙarar da shi. Sun yi nasu, amma ba su ne kan gaba ba. Zaki babba yana bukatar nama kamar kilo 5 zuwa 7 kowace rana in an daidaita, kuma abincinsa na asali shi ne ɓauna, gwanki, kanki, mariya, gwambaza da mugun dawa. Wajen shekara ta 1890 annobar bushiya ta shigo ƙasashen nan, ta kashe shanun Fulani ba iyaka, ta kuma bi ɓauna da wasu namun daji ta yi musu kaca-kaca. Bayan haka jama'a suka yi ta ƙaruwa, ana sheme daji ana mai da shi gona. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 1991 ta ba da miliyan 88, ta 2006 kuwa miliyan 140. Kowane baki yana son tuwo, kowane tuwo kuma gona yake nema. Bindigar toka ta yawaita, daga baya ta zamani ta zo. A ƙetaren iyaka, cikin ƙasashen da Faransa ta mallaka, ma'aikatan kula da dabbobi sun riƙa zuba guba a mushe domin rage kuraye da diloli da zakoki. Sa'an nan ga farin 1973 da na 1984, waɗanda suka tura garkunan shanu kudu, cikin 'yan dazuzzukan da suka saura.

Wato dai gidan zaki aka rushe, aka kuma kwashe rumbunsa. Wanda yunwa ba ta kora ba ya juya kan shanu, wanda ya juya kan shanu kuwa kwanansa ya ƙare.

Tsakanin 2006 da 2012 wani masani mai suna Philipp Henschel, na ƙungiyar Panthera, ya jagoranci bincike a manyan gandayen dajin Afirka ta Yamma 21 da ake zaton akwai zaki a cikinsu. Da aka buga sakamakon a watan Janairu na 2014, sai ya zama a wurare huɗu kaɗai aka tabbatar da shi. Duka duka an ƙiyasta zakoki kamar 400 ne suka rage a Afirka ta Yamma, daga Senegal har Nijeriya, manyan da suka isa haihuwa kuwa ba su kai 250 ba. Ƙasar da suke takawa kamar kashi ɗaya ce kawai cikin ɗari na wadda kakanninsu suka mallaka. A 2015 aka sa su cikin jerin dabbobin da suke bakin ƙarewa.

Biyu daga cikin wuraren nan huɗu a Nijeriya suke. Akwai gandun dajin Tafkin Kainji a ƙasar Borgu, inda binciken ya ƙiyasta kamar 30, da kuma Yankari a Jihar Bauchi, inda aka ce ba su kai biyar ba. Na uku shi ne Niyokolo-Koba a Senegal, mai 16 a lokacin. Na huɗu, wanda ya riƙe kamar 350, wato kusan dukansu, shi ne babban dajin nan da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, inda gandayen W da Arli da Panjari suke manne da juna. An sa wa na farkon suna W ne saboda yadda Kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin kamar wannan harafi.

Daga Dandin Mahe, in an ja layi miƙe, tsakaninka da dajin W kamar kilomita 300 ne ta yamma, ta wajen Kamba da Gaya. Zuwa Borgu ma kusan haka ne ta kudu. Tafiya ce mai nisa ga manomi, amma ga saniya ba wani abu ba ne. Tun kaka da kakanni, idan ciyawa ta ƙare a ƙasar Sakkwato da Kabi, Bokoloji da Rahaji sukan gangara waɗannan wurare neman kiwo da ruwa. Saboda haka naman da ake yanka a kasuwanninmu da nonon da muke dama fura da shi, wani lokaci daga bakin dajin zaki suka dawo. Maganar ba ta baƙi ba ce.

DAREN DA ZAKI YA ZO

Ya kamata mu fahimci yadda ɓarnar take faruwa, gama a nan ne maganin yake. Zaki da dare yake farauta. Sau da yawa ba ya ma tsallaka shinge. Yakan zagaya garke ne kawai har shanu su ji warinsa ko gurnaninsa, su firgita, su fasa shingen da kansu su watse cikin duhu, shi kuwa ya zaɓi wadda ya ga dama. Wata ɓarnar kuma da rana tsaka take samo asali, lokacin da yaro mai kiwo ya yi barci a gindin itace, saniya ta ɓata, dare ya yi mata a daji ita kaɗai. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke kewaye da Panjari ya nuna cewa kura ta fi zaki yawan kashe dabbobin gida nesa ba kusa ba, har gwaggon biri ma yana ɗibar 'yan awaki. Amma kura tunkiya take ɗauka, zaki kuwa saniya yake kayarwa, shi ya sa laifinsa ya fi fitowa fili.

Yanzu sai mai karatu ya sa kansa a matsayin mutumin da gari ya waye masa ya iske saniyarsa mai ciki an farke ta. Wannan saniya ita ce asusunsa, ita ce kuɗin asibiti, ita ce sadakin ɗansa. In ya kai kuka wurin ma'aikatan gandun daji, abin da zai fara ji shi ne, me ya kawo shanunka nan? Wataƙila ma a ci shi tara. To me zai yi? Sai ya je kasuwa ya sayi maganin ƙwari na gona, irin su Furadan, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba, ya barbaɗa a sauran naman. Zaki yana da al'adar komawa kan abin da ya kashe. Washegari sai a iske shi a mace, da zakanya, da 'ya'yanta, da kuraye, da ungulaye tuli. Cokali kaɗan na gari ya share abin da daji ya yi shekaru goma yana reno. A wurin da zakoki ba su kai biyar ba, dare ɗaya irin wannan ya isa ya rufe littafinsu.

Ban ce ya yi daidai ba. Doka ta hana, tun daga dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 har zuwa doka mai lamba 11 ta 1985 wadda ta kare dabbobin da ke bakin ƙarewa. Gubar nan kuma tana shiga ruwan da mutane ke sha. Amma duk wanda zai yi wa wannan makiyayi wa'azi a kan darajar zaki, alhali shi a cikin gari yake kwana a ɗaki mai ƙyaure, sai ya fara amsa tambayar da mutumin zai yi masa: wa zai biya ni saniyata?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa ƙasar Kan'ana ma ta yi zakoki, musamman a kurmin bakin Kogin Urdun, kafin su ƙare shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Dawuda ya san su tun yana kiwon tumakin mahaifinsa. A Littafin Fitowa sura 22 an tanadi hukunci a kan wannan matsala: idan aka ba mutum amanar dabba, naman daji ya yayyage ta, sai ya kawo abin da ya saura domin shaida, ba za a sa shi ya biya ba. Abin da Annabi Amos yake nufi ke nan a sura 3, inda ya yi misali da makiyayin da ke ƙwato 'yan ƙafafu ko guntun kunne daga bakin zaki. Ba don ya ci yake ƙwato su ba, shaida yake nema don ya wanke kansa wurin mai dabba. Na daɗe a kan wannan ne domin yau da yawa cikin masu bin shanu a dajin ba nasu ba ne. Na attajiran birni ne da manyan ma'aikata, su yaran haya ne kawai. In saniya ta salwanta, daga haƙƙin yaron ake cirewa, ko a zarge shi da sayarwa. Wanda aka matsa wa haka, shi ne zai fi saurin neman guba.

YADDA MUTANEN DA SUKA YI

Akwai wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya shafe shekaru yana bin wasu maharban Songhai da ake kira Gow, a yankin Yatakala da ke yammacin Nijar, kusa da iyakar Mali da Burkina Faso. A 1965 ya fitar da fim a kan yadda suke farautar zaki da baka da kibiya. Abin da ya fi jan hankalina a labarin ba jaruntakar ba ce, tsarin zaman ne. Fulanin wurin ba su ɗauki kowane zaki a matsayin abokin gaba ba. Idan ya kama saniya marar lafiya ko wadda ta gaza, sukan haƙura, suna ganin ya rage musu cuta a garke ne. Sun san zakokin yankinsu ɗaya bayan ɗaya ta sawunsu, har akwai wanda aka laƙaba wa suna Ba'amurke. Sai in wani ya fita daga ƙa'ida, ya shiga kashe shanu ba don yunwa ba, yana kashewa yana bari, sa'an nan za a aika wa Gow. Su kuma ba sa fita da garaje. Sai sun ƙera kibau, sun dafa dafi da 'ya'yan kwankwani, sun ɗana tarkunan ƙarfe, sun bi sawun mai laifin. Idan dabbar tana mutuwa, maharbin yakan tsaya yana ba ta haƙuri.

Mu bar maganar tsafe-tsafen da ke cikin sana'ar, wannan ba namu ba ne. Abin lura shi ne mutanen nan sun bambanta tsakanin zaki da zaki, suna da wanda za su kai wa ƙara, kuma hukuncin yana faɗawa kan mai laifi shi kaɗai. A ƙasar Hausa ma haka Sarkin Baka da maharbansa suke, su ake kira idan wata dabba ta addabi gari. Guba kuwa ba ta san mai laifi ba.

Kada kuma a ɗauka cewa zama da zaki wasa ne. A Tanzaniya, tsakanin 1990 da 2005, zakoki sun kashe mutum fiye da 500. Da masana suka bi diddigi sai suka gano cewa yawancin abin yana faruwa ne a yankunan da namun daji suka ƙare, sai aladen daji da ke cin amfanin gona. Manomi yakan kwana a 'yar bukka cikin gonarsa yana gadin alade, zaki kuma ya biyo aladen, sai ya iske mutum. Ko a nan ma, ƙarewar abincinsa ce ta kawo shi ƙofar ɗan Adam.

Mu a Nijeriya, rabonmu da zaki yanzu ya koma gidan zu, can ɗin ma ba mu iya zama da shi ba. A watan Disamba na 2015 wani ya kuɓuce daga gandun namun daji na Jos, aka harbe shi. A watan Oktoba na 2019 na gidan zu na Audu Bako a Kano ya fita daga kejinsa, unguwannin kewaye suka kwana biyu cikin zullumi, ashe yana can ya shiga wurin awaki yana ta shagali, kafin a samu a mai da shi. Manya kuma za su tuna mutumin nan mai kiran kansa annabi wanda ya shiga wurin zakoki a gidan zu na Jami'ar Ibadan a 1991, wai zai maimaita abin da ya faru da Daniyel. Zakokin suka kashe shi nan take. Ya manta cewa Daniyel jefa shi aka yi, ba shi ya kai kansa ba.

ABIN DA AKA GWADA YA YI AIKI

A ƙasar Masai ta Kenya, kusa da Amboseli, al'ada ce saurayi ya kashe zaki da mashi don a san ya isa. A 2007 wasu mata biyu masana, Leela Hazzah da Stephanie Dolrenry, suka kafa wani shiri tare da mutanen wurin, aka ɗauki waɗannan samari aiki da albashi. Da sassafe sukan bi sawu su gano inda zakoki suka kwana, su gargaɗi makiyaya kada su nufi can. Su ne masu neman saniyar da ta ɓata kafin dare, su ne masu gyara shingen da ya lalace, kuma idan ɓarna ta auku su ne suke tarar 'yan'uwansu da suka fusata su ba su baki. Kashe zakoki ya ragu ƙwarai a wuraren da suke aiki. In ka duba da kyau, aikin Gow ne da na Sarkin Baka aka sabunta, sai dai yanzu ana biyan maharbi don zakin ya rayu.

A Kenyar dai, wani yaro mai kiwo, Richard Turere, wanda gidansu ke bakin gandun dajin Nairobi, ya lura cewa zaki ba ya matsowa idan ya ga mutum yana yawo da tocila. Sai ya haɗa 'yan fitilu da batirin mota da faifan hasken rana, suna walƙiya bi da bi kewaye da garke kamar mutum na zagayawa. Bai kai shekara goma sha huɗu ba a lokacin. A Botswana kuwa idanu aka zana wa shanu a ɗuwawu da fenti, domin zaki maharbin kwanto ne, in ya ga kamar an gan shi sai ya fasa. Cikin shanu 683 da aka yi wa zanen, ba a kashe ko ɗaya ba a tsawon shekarun gwajin, alhali an kashe 15 cikin 835 da ba a yi wa ba. Abin dariya ne a ido, amma mai saniya ba zai yi dariya ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na arewacin Tanzaniya. Can sun daina dogara da shingen ƙaya busasshiya, wanda ke ruɓewa kowace shekara har shanu su fasa shi. Sai suka riƙa dasa rassan wani itace kusa da kusa, su ɗaura masa ragar waya. Rassan su yi saiwa su tsiro, shingen ya zama rayayye, gara ba ta cinsa, saniya ba ta iya ture shi, zaki kuma ba ya ganin abin da ke ciki sosai. A gidajen da aka yi wannan, kusan ba a sake jin ɓarnar dare ba. Da na nemi sanin wane itace ne wannan, sai na iske ashe dashi ne. Dashin nan dai da iyayenmu suke shinge gonar rogo da shi.

Sai kuma ƙasar Indiya, wadda labarinta ya shafe mu ta wata hanya ta musamman. Masana sun gano cewa zakin Afirka ta Yamma, mai ƙaramar geza da ɗan siririn jiki, ya fi kusa da zakin Indiya a jini fiye da na Kenya ko Afirka ta Kudu. A farkon ƙarni na 20 zakokin dajin Gir a Jihar Gujarat sun ragu har ana ƙidaya su da 'yan gomomi, sai sarkin Junagadh ya hana farautarsu. A ƙidayar 2015 an sami 523, a 2020 an sami 674, a 2025 kuwa 891. Kuma Indiya ta fi mu cunkoson jama'a. Akwai makiyaya da ake kira Maldhari da ke zaune da bakanensu da shanunsu a cikin dajin. Zaki yana cin dabbobinsu, ba a ɓoye wannan ba. Amma gwamnatin jihar tana biyan diyya, an kuma bar barewa da sauran namun daji sun yawaita, har manoma da dama sun gwammace zaki ya riƙa ratsa gonarsu domin yana kore musu aladen daji. Ba a rasa rigima da asarar rai jefi-jefi, kuma masu karɓar diyyar suna kukan ba ta kai kuɗin dabba ba. Duk da haka mutumin da ya san akwai ofishin da zai kai guntun kunnen saniyarsa a saurare shi, ba ya gaggawar zuwa sayen guba.

A nan ne nake ganin muka yi sake. Yankari tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya fi murabba'in kilomita 2,200. Na Kainji ya fi 5,300. Fili kam akwai. Amma a tsawon waɗannan shekaru mun fi ba da ƙarfi ga kama makiyayi da cin tararsa, ba mu ba da ƙarfi ga burtali da mashaya da makiyayar da dokar 1965 ta yi alkawari ba. Burtalin da gona ta cinye, shi ne yake tura saniya cikin gandun daji. Haka kuma mai sayen kitsen zaki da fatarsa a kasuwa don magani ko laya, da mai cin naman daji a gidan abinci a birni, duk suna da hannu, ko da ba su taɓa ganin dajin ba. Kowace ɓauna da aka kyafe aka kawo kasuwa, abincin zaki na kwanaki ne aka ɗauke, saniyar wani kuma za ta biya.

Yanzu ga wata sabuwar masifa ta ƙaru. 'Yan bindiga sun mai da waɗannan dazuzzuka maɓoya. A watan Fabrairu na 2022 an kashe mutum tara a ɓangaren Benin na dajin W, yawancinsu masu gadin daji, ta hanyar nakiyoyin da aka binne a hanya. Sassan dajin da ke Nijar da Burkina Faso sun zama wuraren da ma'aikata ba sa iya shiga yadda suka saba, dajin Kainji ma ya sha fama da irin wannan. Inda mai gadi ba ya shiga, ba mai ƙidaya zaki, ba kuma mai jin kukan makiyayi ko na manomin ƙauyen da ke bakin daji. A Senegal, inda aka sami kwanciyar hankali aka kuma ƙarfafa gadi, zakokin Niyokolo-Koba sun kusa ninkawa cikin shekaru kamar goma. Zakanya cikinta kwana 110 ne kawai, takan haifi biyu zuwa huɗu, saboda haka in an bar ta ta sami abinci ba ta daɗewa ba ta cika daji ba.

Kafin in baro Dandin Mahe na ba mai masaukina labarin shingen Tanzaniya. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gida, inda awakinsa da 'yan tumaki suke kwana. Ga dashi nan a jere ya yi kauri, ya ce mahaifinsa ne ya dasa shi saboda kura, ita ma rabonsa da jin kukanta an daɗe. Ya fasa wani reshe, ƙanshin ƙaron ya tashi, ya miƙo mini ya ce, "Dashi kam muna da shi, Malam. Zakin ne babu."